Kogin Kwara nan da shekara talatin: ƙafewa zai yi ko ambaliya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ina kuma cikin shugabannin ƙungiyarmu ta masu noman bakin kogi. A wani taro an nuna mana zane-zane daga kwamfuta, aka ce canjin yanayi zai rage ruwan kogi nan gaba, don haka mu tanadi injinan ban ruwa. Bayan 'yan watanni wasu suka zo suka ce a'a, ambaliya ce za ta ƙaru, mu ɗaga shingen da ya kare gonakinmu. Kuɗin ƙungiya ba zai ɗauki duka biyun ba. Yaya ake yin wannan lissafi, kuma maganar wa za mu kama?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa noma albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: yadda masana ke sa kwamfuta ta faɗi halin da kogi zai shiga bayan shekaru masu yawa, da kuma dalilin da ya sa mutum biyu masu ilimi ɗaya suka kawo muku labari biyu masu karo da juna. Aikina ke nan, awon ruwan koguna da lissafinsa, kuma zan fara da abin da zai rage maka ruɗani: mai yiwuwa ne ƙwarai dukansu biyun gaskiya suka faɗa, sai dai kowa da ruwan da yake magana a kai. Ruwan da ke wucewa ta gabanku a Gaya ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, ba kuma lokaci ɗaya yake isowa ba.

Cika biyu a shekara ɗaya

Duk wanda ya girma a bakin kogin nan ya san sau biyu yake cika. Cikar farko tana zuwa da damina, a watan Agusta da Satumba, ruwan ja wur saboda laka. Wannan ruwan kusa ne. Mafi yawansa daga ƙoramun da ke gangarowa daga Burkina Faso yake, wato Gorouol da Dargol da Sirba, waɗanda ke shiga kogin kafin Yamai. Ku a Gaya kuna da ƙari a kan haka, domin bayan Yamai akwai Goroubi da Tapoa da Mekrou, sannan Alibori da Sota daga ƙasar Benin. Cika ta biyu tana zuwa da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan ya kwanta ya yi duhu. Wannan ruwan saman da ya zuba ne a tsaunukan Gini tun damina. Yakan kai ƙololuwarsa a Koulikoro kusa da Bamako a wajen Satumba, sai ya shiga faffadar fadamar tsakiyar Mali, wajen Mopti, ya bazu ya yi watanni yana rarrafe. A can rana da ƙasa sukan shanye wajen kashi 40 cikin 100 nasa, abin da ya rage shi ne ke isowa gare ku, ya wuce Yawuri ya shiga tafkin Kainji.

Tarihin cikar nan biyu ya rabu tun farin shekarun 1970 da 1980. A sama, wajen Gini da kudancin Mali, da ruwan sama ya ragu sai kogi ya ragu fiye da yadda ruwan saman ya ragu. Kogin Bani, babban reshen da ke haɗuwa da Kwara a Mopti, ya rasa fiye da rabin ruwansa, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke ciyar da shi ya yi ta sauka shekara bayan shekara. A watan Yuni na 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, ya daina gudu. Amma a ƙoramun Sahel abin ya zo a juye: ruwan sama ya ragu, ruwan da ke kwarara cikin Sirba da 'yan'uwanta kuwa ya ƙaru. Dalilin yana ƙasa. Fari ya kashe itatuwa da ciyawa, jama'a ta ƙaru aka sassabe daji aka daina barin gona ta huta, ƙasa ta zama fako. Ruwa in ya sauka a fako, kamar ya sauka a kwanon rufi ne, gangarewa yake yi nan take. Kwazazzabai suka yi ta faɗaɗa, har wasu kwaruruka da a da ruwansu ke ƙarewa a tafki suka fasa suka haɗe da kogi, suna kawo masa ruwa da yashi.

Da damina ta fara farfaɗowa daga shekarun 1990, sai ta dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku. Ruwa mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri, ka san abin da zai biyo baya. Jan ruwan damina da a da bai kai ruwan hunturu ba, yanzu yakan zarce shi. A 2012 ya kai inda ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo a Yamai a 1929, a Satumban 2020 kuma ya haura wancan, sandar awo ta nuna santimita 700, alhali a 620 ake shelar haɗari mafi girma. Kai shaida ne kan abin da ruwan shekarar ya yi wa shinkafa daga Tillaberi har Kebbi.

Yadda ake ɗinka lissafin

Ba manhaja ɗaya ce ke yin aikin ba, matakai ne a jere, kowanne yana miƙa wa na gabansa. Ana farawa da zato kan yawan hayaƙi mai ɗumama yanayi da duniya za ta ci gaba da fitarwa, mai yawa ko matsakaici ko kaɗan. Wannan ba kimiyya ce ke yanke shi ba, siyasar manyan ƙasashe ce, shi ya sa ake gwada hanyoyi da dama. Sai a ba wa samfuran yanayi na duniya, wato manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayon yadda yanayi ke gudana, wannan zato. Su waɗannan sun yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida yakan kai kilomita 100 ko fiye a kowane gefe, suna lissafa zafi da iska da danshi a cikinsa. Akwai irinsu da dama daga cibiyoyi daban-daban, a Ingila da Jamus da Faransa da Amurka da Japan da sauransu. Matsalarmu ita ce hadarin da ke ba mu ruwa ya fi ƙanƙanta da gidan nan, don haka samfurin ba ya ganinsa, kintatarsa yake yi. Shi ya sa da yawansu ke ba da yayyafi kusan kullum maimakon ruwa kamar da bakin ƙwarya na awa biyu sannan kwana biyar shiru, wanda shi ne halin daminarmu.

Don haka ake zuwa mataki na gaba, a matso da lissafin kusa ta hanyar samfuran yanki, irin na shirin CORDEX mai gidajen kilomita 50 ko 25, sannan a daidaita sakamakon da awon ruwan sama na gaske da aka tara a tashoshi. Daga nan ne namu aikin ke farawa. Muna da samfurin kogi, irin su SWAT ko HYPE, wanda za ka ba shi ruwan sama da zafi na kowace rana, ka gaya masa irin ƙasar kowane yanki da gangarenta da abin da ke tsiro a kai, shi kuma ya raba ruwan: wannan ya koma sama a tururi, wannan ya nutse, wannan ya kwarara zuwa ƙorama, ya bi shi har inda sandar awo take. Kafin a yarda da shi sai an gwada shi da shekarun da suka wuce. A ɗauki wasu shekaru a yi ta murɗa ma'aunansa har abin da yake fitarwa ya yi kusa da abin da aka auna a kogi, sannan a ba shi wasu shekarun da bai gani ba a ga ko zai ci jarrabawa. Mataki na ƙarshe shi ne a ɗora madatsun ruwa da masu ɗiban ruwa a kai: Selingue a Mali, shingen Markala da ke karkatar da ruwa zuwa gonakin babban aikin ban ruwa na Mali da ake kira Office du Niger, famfunan birane, da ku masu shinkafa.

Kowane mataki yana da nasa kuskure, kuma kuskuren ba ya tsayawa inda aka yi shi, gaba yake yi yana girma. A ƙasa mai zafi irin tamu, ƙaramin kaso ne na ruwan sama ke kaiwa kogi, saura rana da tsiro ke kwashewa. Saboda haka ɗan bambanci a ruwan sama yakan zama babban bambanci a kogi, sau biyu ko uku. In wani samfuri ya ce ruwan saman Gini zai ƙaru kaɗan, wani ya ce zai ragu kaɗan, kafin lissafin ya iso Gaya sun yi hannun riga.

Abin da aka yi ittifaƙi a kai da abin da ba a yi ba

Zafi zai ƙaru, a wannan babu saɓani tsakanin samfuran. Ma'anarsa a gare ku ita ce fadamar Mali da tafkunan madatsu za su ƙara asarar ruwa, shinkafar rani kuma za ta ƙara shan ruwa a kan kowace eka. Na biyu, iska mai zafi ta fi riƙe danshi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, don haka in ta tashi zubarwa da yawa take zubarwa. Wani gwaji da hukumar yanayi ta Birtaniya ta yi wa nahiyar Afirka da gidaje ƙanana na kilomita 4.5, waɗanda ke iya ganin hadari da kansa, ya nuna ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda tsofaffin samfura ke nunawa, tare da tsawaitar kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina.

Inda ake rabuwa shi ne jimillar ruwan shekara. Mafi yawan samfuran suna karkata ga cewa tsakiyar Sahel da gabashinta, wato ɓangarenmu har zuwa Cadi, za su ƙara samun ruwa, yammaci kuwa, wajen Senegal da yammacin Mali, zai ragu. Mafarin kogin Kwara yana kusa da inda ɓangarorin biyu suka haɗu, shi ya sa nazarce-nazarcen da aka yi kan ruwan da ke fitowa daga Gini wasu suka ba da ƙari wasu suka ba da ragi. Ina kyautata zaton baƙinku na farko wannan ruwan suke nufi, da kuma ƙarancin watannin Afrilu zuwa Yuni, na biyun kuwa jan ruwan Agusta suke nufi.

Akwai wani rauni da ya fi damuna fiye da saɓanin samfuran yanayi, don shi a ɓangarenmu yake, mu masu lissafin kogi. Samfurin kogi yana ɗauka cewa ƙasar da ya koya a kanta ita ce za ta ci gaba da kasancewa. Wanda aka horar da shekarun 1950 da 1960 a kan Sirba, in ka ba shi ruwan saman shekarun fari, cewa zai yi ƙoramar za ta ragu, alhali ƙaruwa ta yi. To haka nan wanda aka horar da ƙasar yau bai san abin da manoma za su yi da ita nan da 2050 ba. In aka ci gaba da sassabe, kwarara za ta ƙaru. In aka yi irin abin da manoman Maradi da Damagaram suka yi, na barin gawo da sauran itatuwa su sake tsirowa a gona har aka farfaɗo da miliyoyin hekta, aka haɗa da ramukan tassa da rabin wata a kan fako, ruwa zai fi nutsewa. Shi ya sa a nawa aikin ba na karɓar samfuri sai an horar da shi da shekarun fari an gwada shi da shekarun ruwa, sannan a juya. Wanda ya faɗi wannan gwaji bai cancanci a tambaye shi labarin shekara talatin ba, komai kyan zanen da yake fitarwa.

Sai maganar awo kanta, wadda ba a cika kawowa a taro ba. Abin da ake karantawa a bakin kogi tsayin ruwa ne a jikin sanda. Kafin ya zama yawan ruwa, wato mita kubik nawa ke wucewa a sakan ɗaya, sai an shiga jirgi an auna gudun ruwa da zurfinsa a lokuta daban-daban an haɗa jadawali. In yashi ya cike gindin kogi, kamar yadda yake yi yanzu, tsohon jadawalin ya tashi daga aiki: ruwa kaɗan sai ya nuna tsayi mai yawa. Kafin in kunna kwamfuta, littafin mai karanta sanda nake fara buɗewa. Na sha ganin makonni a jere da lamba ɗaya ba canji a tsakiyar damina, ko kuma shafuka fari fat daidai kwanakin da ruwa ya fi cika, saboda ruwan ya tafi da sandar ko ya hana mutum isa wurin. Ba na ganin laifin waɗannan bayin Allah, da yawansu sukan yi watanni ba a ba su ɗan abin da aka yi musu alkawari ba. Koulikoro tana da awo tun 1907, wannan dukiya ce babba, amma ƙananan ƙoramu da yawa babu mai auna su, rashin tsaro a yankin iyakokin Nijar da Mali da Burkina kuma ya ƙara wahalar kai wa ga wasu tashoshin. Tauraron ɗan'adam yana cike wani giɓin, sai dai shi ma da awon ƙasa ake gyara shi. Raina yana ɓaci in na ga an kashe kuɗi mai yawa a kan manhaja da taron bita, an bar sandar da komai ya dogara a kanta ta karye.

To wanne za ku kama?

Ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne na wanda bai taka gonarku ya auna tudunta da kwarinta ba. Hujjar ambaliyar damina ta fi ƙarfi, domin ba a kan hasashe kaɗai ta tsaya ba: an riga an auna ƙaruwarta shekaru da dama, an san dalilanta biyu, kuma babu alamar ɗayansu zai juya nan kusa. Asararta ma ta fi muni, dare ɗaya take cinye noman shekara da bashin taki. In kuɗi na abu ɗaya ne, ni kariya daga ruwan Agusta da Satumba zan sa a gaba.

Sai dai ɗaga shinge ba shi ne kawai tsayi ba. Shinge yakan fashe ne ta inda ya raunana, wurin da ɓera ko gara suka huda, ko inda dabbobi da amalanke suka mayar hanya, tun ruwa bai kai bakinsa ba. Ku bi shi da ƙafa kafin damina ku toshe waɗannan. Ku kuma tanadi hanyar fitar da ruwan saman da zai taru a bayansa, don in kogi ya cika ƙofofin magudana rufe su ake yi, gona sai ta nutse da ruwan da ya zubo daga sama ko na ƙorama ta baya. A nan injin da aka ce ku saya zai yi aiki biyu, ya fitar da ruwa da damina ya ɗebo da rani, don haka shawarwarin biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda kuke gani ba. Wanda zai zana muku tsayin shingen ku tambaye shi da awon waɗanne shekaru ya yi lissafi. In jadawalinsa ya tsaya kafin 2010, ambaliyar da yake kira ta sau ɗaya a shekara ɗari wataƙila kun riga kun gan ta fiye da sau ɗaya. Ku kuma yi magana da maƙwabtanku na ƙasa da na tsallake, domin ruwan da shingenku ya hana shiga wani wuri zai nufa.

Ƙarancin ruwan rani kuwa, a shekaru ashirin masu zuwa abin da mutane za su yi a sama zai iya fin canjin yanayi tasiri a kansa: yawan hektar da Mali za ta ƙara a Office du Niger, madatsar Fomi da Gini ta daɗe tana son ginawa, da madatsar Kandaji da aka fara ginawa a jihar Tillaberi. An tsara Kandaji ne don ta riƙe ruwan hunturu ta saki aƙalla mita kubik 120 a sakan da rani, abin da zai taimake ku in an kammala an kuma tafiyar da ita yadda aka tsara. Amma kada kowa ya ce muku za ta kare ku daga jan ruwa, don Dargol da Sirba da duk ƙoramun Benin a ƙasanta suke shiga kogi. Rabon wannan ruwa a teburin Hukumar Kogin Kwara ta ƙasashe tara ake tattauna shi, hedkwatarta kuma tana Yamai, ya kamata ƙungiyoyi irin taku su riƙa aika kokensu ta hannun ma'aikatar ruwa. Kuna kuma da abin da wasu ba su da shi: a kwarin Dallol Mawri ruwan ƙasa yana kusa, ƙananan rijiyoyin burtsatse na iya riƙe wani ɓangare na noman rani da kuɗi kaɗan. A fara auna gishirin ruwan tukuna, musamman wajen Fogha inda kowa ya san gishiri ake dafawa.

Duk wanda ya sake zuwa muku da zane, ku tambaye shi samfuran yanayi nawa ya yi amfani da su, ya kuma nuna muku mafi ruwa da mafi fari a cikinsu, kada ya tsaya a matsakaici. Ku ce ya raba muku lissafin wata-wata, Satumba daban, Janairu daban, Mayu daban, don jimillar shekara tana iya zama ba canji alhali damina ta ƙaru rani ya ragu. Ku tambaye shi ko samfurinsa ya kama 1985 da 2020 duka biyu. Don shirin kowace damina kuma ba lissafin 2050 kuke buƙata ba. Cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET da ke Yamai tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin suna fitar da hasashen damina da na cikar koguna kafin ruwa ya sauka, a Najeriya ma hukumar yanayi ta NiMet da hukumar awon ruwa ta NIHSA suna fitar da nasu kowace shekara. Ku sa mutum ɗaya a ƙungiya ya riƙa bin tsayin ruwa a Yamai kullum daga tsakiyar Yuli, don abin da ya wuce can yana ba ku 'yan kwanaki kafin ya iso. Ku kuma kafa taku sandar a bakin gonarku, a kan ginshiƙin siminti da ruwa ba zai ɗauke ba, a riƙa rubuta lambar safe da yamma a littafi ɗaya, har da ranakun da ruwa ya fi cika.